Ranar da Sithabile Ta Share Gashin Bhubesi

Akwai wani dattijo a unguwar Luveve da ke Bulawayo, ana kiransa Baba Nyathi. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Tun da matarsa ta rasu, babu kowa a gidan sai shi da wani jan kare mai yawan gashi, sunansa Bhubesi.

'Yarsa ɗaya ce tak, Sithabile. Tana aiki a Johannesburg, ita ce shugabar masu gyaran ɗakuna a wani babban otal. Mace ce mai tsabta, mai zafin nama, amma idan ta fara magana ba ta barin kowa ya sa baki.

Ta daɗe ba ta zo gida ba. Wata Asabar da la'asar sai ga ta da akwatinta. Ta rungume mahaifinta, ta zauna a kujera, tana miƙewa ta ga baƙin siket ɗinta ya koma ja.

"Baba! Wannan wace irin rayuwa ce? Gashi a kujera, gashi a kafet, har cikin kofin shayi! Gidan Mama ne ya koma haka?"

Tsohon ya ce, "Uwata, zauna ki ji. Ai Bhubesi..."

"Kada ka soma kare shi, Baba. Ya taimaki kansa da ban tarar da shi a falon nan ba. Duk inda ya tafi yawonsa, ya zauna can."

Baba Nyathi ya bar maganar. Ya ce ta je ta ci tuwo kafin ya huce.

Washegari da safe mijin maƙwabciya ya zo ya kama hannunsa, suka tafi coci. Sithabile ta ce ita gajiya ba za ta bar ta ba. Suna fita ta ɗaura zani.

Aikinta ne, ta san shi ciki da waje. Ta sa safar hannu ta roba, ta jiƙa ta da ruwa, tana shafa kujerun, gashin yana nannaɗewa yana fita dunƙule-dunƙule. Ta naɗe salatif a hannu ta bi labule da matasai. Ta fitar da kafet ta rataya a igiya, ta yi ta dukansa, sannan ta kankare shi da buroshi. Daɓen kuwa da jiƙaƙƙen tsumma ta bi shi, don kada gashin ya tashi sama.

Kujerar da mahaifinta ke zama ce ta fi ba ta wahala. A gefen dama gashin ya manne kamar an saƙa shi. Ba ta bar ko sili ɗaya ba.

Akwai wani tsohon bargo a bayan ƙofa, duk gashi. Ta haɗa shi da sharar, ta kai rami bayan gida, ta cinna wuta.

Hayaƙin ne ya jawo maƙwabciyar, Mama Tshuma. Ta leƙo ta saman shinge, ta hango bargon yana ci.

"Wayyo, 'yar nan! Me kika ƙona?"

"Bargon kare ne, Mama. Zan saya masa sabo."

Mama Tshuma ta dafe ƙirji. "Ki saya wa wa? Bhubesi ya mutu tun watan jiya. Ga kabarinsa can ƙarƙashin gwaiba. Babanki da kansa ya haƙa, da lalube."

Sithabile ta ce, "Da lalube kamar yaya?"

"Au, ba ki lura ba? Idonsa ya kusa tafiya. Karen nan ne ke kai shi shago, shi ke kai shi coci, ya kwanta a bakin ƙofa har a tashi. Da ya mutu na zo da tsintsiyata zan share masa falo, ya riƙe hannuna ya ce in bari tukuna. Ya ce idan ya zauna ya shafa gefen kujera ya ji gashin, sai ya ji kamar ba shi kaɗai ba ne a gidan."

Sithabile ta ruga ramin. Ta sa sanda ta tona, babu abin da ya rage sai toka.

Da rana tsaka aka dawo da Baba Nyathi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana shaƙar ƙamshin sabulu. Ya riƙa dafa bango har ya isa kujerarsa, ya zauna. Sannan ya sauke hannunsa na dama ya shafa gefen kujerar.

Ya sake shafawa. Ya sunkuya ya taɓa kafet. Ya juya fuskarsa wajen bayan ƙofa.

Sithabile tana tsaye tana kallonsa, hawaye na zuba. Ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa.

"Baba, ka yafe mini. Ban sani ba."

Can ya ce, "Kin yi aiki, uwata. Gida ya yi fes. Da mahaifiyarki na nan da ta yi alfahari da ke."

"Ka yi mini faɗa mana, Baba! Ka zage ni!"

"In zage ki don kin share gidan ubanki? Jiya na so in gaya miki, ba ki tsaya ba. Shi ke nan."

Ta ce gobe-goben nan za ta nemo masa wani kare, irinsa sak. Ya girgiza kai.

"Shi wancan ya san mahaifiyarki. Idan na ambaci sunanta yakan ɗaga kunne. Sabon kuma me zan ce masa?"

Ranar babu wanda ya iya cin abinci. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, a karon farko ta yi shiru ta bar shi ya yi magana. Ya ba ta labarin yadda duhu ya fara cin idonsa daga gefe, da yadda ya faɗa kwata sau ɗaya karen ya yi ta haushi har mutane suka fito. Ya ce ya ɓoye mata ne don kada ya ɗaga mata hankali a wurin aiki.

Ranar Litinin ta kai shi asibitin ido. Likita ya duba, ya kira ta gefe. Ya ce ciwon ya riga ya ci jijiyar, abin da ya tafi ba ya dawowa. Da bara aka kawo shi, da an tsare masa sauran ganinsa.

Baba Nyathi ya ji komai, don kunnensa garau yake. Da suka fito harabar asibitin, ya tsaya inda rana ta fi haske, ya jawo hannunta.

"Matso kusa, uwata. Bari in kalle ki da kyau tun da sauran haske."

Ta kawo fuskarta dab da tasa. Ya ƙura mata ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi murmushi.

"Ashe har kin fara furfura."

Sithabile ta ajiye aikinta ta dawo Luveve. Kafin damina ta zagayo, idon ya rufe gaba ɗaya. Ita ce take kama hannunsa yanzu, kuma fuskarta ce abu na ƙarshe da ya gani da kyau a duniya.

Darasi: Kafin ka gyara wa mutum gidansa, ka zauna ka ji halin da yake ciki. Abin da kai ka gani shara ce, wataƙila shi ne ɗan abin da ya rage wa wani na wanda ya rasa. Idan iyayenka na raye, ka je ka dube su da kanka, idan sun fara magana kuma ka bar su su kai ƙarshe. Ku tura wannan labari ga duk wanda ya daɗe bai leƙa gida ba.