Tsarabar Ƙwan Zabi

Akwai wani bawan Allah mai suna Tajuddeen, haifaffen Tarai ta ƙasar Kibiya, wanda aiki ya zaunar da shi a birnin Kano. Mutumin kirki ne, ba ya wasa da hidimar mahaifiyarsa, Inna Fulera. Aibinsa ɗaya, tun da ya fara shan ruwan gora yake kallon rijiyar da ta raine shi kamar guba.

Da aka ba yara dogon hutun damina, sai ya ɗebi matarsa Salma da 'ya'yansu, Na'ima mai shekara bakwai da ƙaninta Abdurrahim mai shekara huɗu, za su kwana biyu a wajen Inna.

Wanda ya taɓa tafiya da ƙananan yara ya san kwanan zancen. Kafin su kai Bunkure an yi faɗa a kan taga, an tsaya fitsari, an zubar da lemo a kujera. Da ganin duwatsun Rano kuwa Abdurrahim ya kafe sai an tsaya ya hau.

A Rano ɗin Tajuddeen ya sayi katan na ruwan gora da biskit da taliya. Da ya tada mota ya ce, "Ku saurara. In mun je, kada wanda ya ci ko ya sha abin da Inna ta ba shi. Ku ce kun ƙoshi."

"Don me, Abba?" in ji Abdurrahim.

"Haka na ce."

"To don me?"

Tajuddeen na fama da ramuka da masu babur, kansa ya ɗauki zafi. Ya ce, "Don hannunta da datti. Kullum tana cikin tumaki da kaji."

Salma ta dube shi. "Abban Na'ima, a gaban yara?"

"Rabu da shi, kafin mu kai Kibiya ya manta."

Sun tarar Inna ta share gida tas, matan maƙwabta sun cika tsakar gida don taya ta murna. Tun da safe ta aika ruga aka kawo nono mai kyau. Ta jawo Abdurrahim jikinta tana yi masa wasan kaka da jika: "Maigidana ya iso, yau ba ni da sauran damuwa."

Ta zauna ta dama fura a sabuwar ƙwarya. Na'ima ta sunkuyar da kai ta ce ta ƙoshi. Inna ta kai ludayi bakin Abdurrahim. Yaro ya kalli furar, ya haɗiyi yawu, ya kalli ubansa.

"Ina so, Inna. Amma Abba ya ce hannunki da datti."

Tajuddeen ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Inna ta ajiye ludayin, ta juya tafin hannunta ta duba. Sai ta yi dariya ta ce wa matan, "Kun ji ja'irin miji, ya je birni ya raina girkina." Matan suka taya ta dariyar dole. Ta miƙa wa yaran maƙwabta ƙwaryar, suka shanye. Ko a lokacin ma ɗanta take rufa wa asiri.

Ba ta sake tada zancen ba. Sai dai daga ranar ba ta kusanci tukunya ba. Ta ce wa Salma, "Ki dafa musu abin da suka saba, 'yata." In Abdurrahim ya rugo wajenta sai ta tura hannuwanta cikin mayafi, ta yi masa wasa da baki kawai.

Tajuddeen ya ci taliya a gidan uwarsa, bai ji daɗinta ba. Ya yi niyyar ba ta haƙuri ya fi a ƙirga, amma da ya doshi ɗakinta sai kunya ta mayar da shi. Ya riƙa ce wa kansa ai ta ɗauka wasa ne, alhali ya san ƙarya yake yi.

Ranar komawa ya buɗe but ɗin mota ya tsaya jira. Bisa al'ada Inna kan cika shi da daddawa da kuka da man shanu da ƙuli-ƙuli, duk aikin hannunta. Sai ga ta ta fito da ɗan kwando ɗaya, ƙwan zabi a jere cikin ƙaiƙayi.

Ya ƙaƙalo murmushi. "Inna, bana ina daddawata?"

"Na rabar," ta ce. Ta miƙo kwandon. "Wannan dai ka bar su su ci. Allah ne ya rufe abinsa, hannuna bai taɓa cikinsa ba."

Ya durƙusa ya kamo hannuwanta, hawaye na zuba. "Inna, ki yafe mini. Da su kika ciyar da ni."

"Tashi, yara na kallonka. Ni ban riƙe ka da komai ba. Allah ya tsare hanya." Ta zare hannuwanta a hankali ta mayar cikin mayafi.

A hanyar komawa ba faɗan taga, ba neman hawa dutse. Sai da suka wuce Rano Abdurrahim ya leƙo ta tsakanin kujeru.

"Abba, Inna ba ta ɗauke ni ba ko sau ɗaya. Ta daina sona ne?"

Tajuddeen ya gangara gefen titi ya kashe mota.

Darasi: Magana zarar bunu ce, yaro kuma ba ya da ma'ajiyar sirri. Kula da lafiyar 'ya'yanka ba laifi ba ne, amma kada ka koya musu ƙyamar hannun da ya raine ka. Uwa za ta ce ta yafe tun kafin ka rufe baki, tabon kuwa yana nan. Ku tura wa duk mai shirin kai yara gida a hutun nan.