Rantsuwar Sadisu a Kan Raksha

A wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi, can gabas a ƙasar masu jin Larabci, tsakanin garuruwan Suki da Makwar, an yi wani mutum wai shi Sadisu, tun kafin yaƙin nan ya watsa mutane. Shekarunsa sun doshi arba'in, jikinsa lafiya lau, hankalinsa ma ba laifi da yana barinsa ya yi aiki. Abu ɗaya ne ya ɓata shi. Ya raba mutanen duniya gida biyu: akwai nasa, waɗanda yake jin kunyar idonsu, akwai kuma baƙi, waɗanda a ganinsa cutarsu ba cuta ba ce, iya kasuwa ce.

Gwauro ne. Matarsa ta fari ta gaji ta tafi, yayarsa Mairo ce ke riƙe masa gida. A wannan shekarar ya dace, ya samu shiga wurin Hindu, wata ungozoma a Makwar wadda mijinta ya rasu. Mace ce mai aikinta, mai ɗakinta, ba wadda ake yi wa dole ba. Ta amince masa da sharaɗi ɗaya: sai kawunta da ya rene ta, wanda ke zaune Wad Madani, ya gan shi ya ce to. Aka sa ranar haɗuwarsu bayan girbin dawa. Sadisu bai taɓa ganin tsohon ba, ko sunansa bai sani ba, don Hindu ba ta kama sunan, Kawu kawai take cewa. Auren nan kuwa Sadisu yana sonsa har ransa. Tuni ya kai mata lulluɓi biyu da turare, kuma babu majalisar da bai ba labari ba.

Sana'arsa tuƙin raksha, mai ƙafa ukun nan, yana kai mata da kwandunan tumatir kasuwar Suki. Ran nan da damina yana tafe a gefen tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, hannu ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana ɗaukar kansa hoto. Sai tsundum. Allah ya taimaka babu fasinja. Shi ya fito yana tofar da laka, raksha kuwa sai washegari maza goma sha biyu suka jawo ta da igiya. Da ya je wurin Hindu sai ya ce wai akuya ya kauce wa.

Makanike ya buɗe inji ya girgiza kai.

"Ya sha ruwa da zafinsa, ya tsage. Na liƙe maka da gam, zai kai ka rabin sa'a. Da ya ɗauki zafi zai buɗe. Ko ka sa sabon inji, ko ka kai wa masu sayen ƙarfe."

Sadisu bai yi ko ɗaya ba. A ƙauyen dai babu wanda zai saya, tun da rabin mazan da hannunsu suka jawo ta. Sai ya sa aka fesa mata fenti, ya ɗura mata baƙin mai mai kauri, ya tura ta gindin darbejiya ya ɗauki hotuna, har da wanda ya jingina da ita yana murmushi. Ya shiga wani shafin saye da sayarwa na mutanen Wad Madani a Fesbuk, ya rubuta da Larabci: raksha ta gida, hannu ɗaya, inji bai taɓa ganin makanike ba, mai ita zai tafi Umra ne. Da sunansa, da fuskarsa, da lambarsa. Shi a wautarsa, wayar nan wata kasuwa ce can nesa, wadda mutanen gida ba su ci.

Mairo ta ce, "Wace Umra kuma? Kai da ko Juma'a sai an tada huɗuba kake tashi?"

"Yaya, ba ki san kasuwar zamani ba. Kowa haka yake rubutawa."

"Wanda zai saya fa? Ba shi da iyali?"

"Na san shi ne? Wani Balaraben birni ne zai zo. Su ma da sun same ni haka za su yi mini."

Bayan kwana huɗu waya ta yi ƙara. Muryar dattijo ce, Larabci tsantsa irin na birni. Ya ce sunansa Salih, yana neman raksha, zai zo ran Alhamis.

Da hantsi ya sauka daga bas, dogon tsoho da farar jallabiya da rawani. Sadisu ya tarye shi da "ya hajj, ya hajj" kamar zai goya shi, ya shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya ce Mairo ta kawo jabana, gahawar nan mai citta. Tsohon bai zauna ba. Ya zagaya raksha a hankali. Ya zaro sandar gwada mai, ya murza man a yatsu, ya shinshina. Ya ɗaga kujerar baya, ya tsince wata busasshiyar katantanwa daga lungu, ya duba ta, ya ajiye a kan kujerar. Mai hankali da ya ga wannan ya san ba da yaro yake ciniki ba. Sadisu kuwa yana can yana yabon fenti.

Da Larabci tsohon ya tambaya, "Ta taɓa shiga ruwa?"

"Abadan! Sai dai ruwan wanki."

"Ɗana, ni ba na ƙin abu don ya yi hatsari. Faɗa mini gaskiya in saye ta a yadda take."

"Ya hajj, yadda ta fito daga kamfani haka take."

Suka zauna. Mairo ta kawo tire ta durƙusa tana zubawa. Tsohon ya kurɓa, ya sake dubansa.

"Sau ɗaya zan ƙara tambaya. Na ji an ce wata raksha ta faɗa tur'a a wajen nan da damina."

Nan Sadisu ya dafa ƙirji, ya ɗauko rantsuwar da mazan ƙasar nan suka mayar abin wasa a bakin kasuwa.

"Alayya ɗalaƙ, ba ita ba ce! Matata ta saku in raksha ɗin nan ta taɓa ganin tur'a!"

Mairo ta dire butar gahawar a tire. Ta ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Sadisu, ka ji tsoron Allah. Rantsuwar saki fa ka yi."

Ya yi dariya, ya amsa mata da Hausa, ko muryarsa bai sassauta ba.

"Wace matar zan saka, Yaya? Ta Makwar ai ba ta shigo ba tukuna. Rantsuwar gwauro kyauta ce. Ki bar tsohon Balaraben nan ya kwashi mushensa. Kafin inji ya yi zafi ya yi nisa, ni kuwa na kashe waya."

Tsohon ya shanye gahawarsa tas. Ya kife ɗan kofin a tire. Sannan ya dubi Mairo ya ce da Hausa, irin ta tsofaffin da suka zo daga Sakkwato, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Cittar ta ji."

Sadisu ya zabura ya juyo ya dube shi.

"Ni ne kawun Hindu," in ji tsohon. "Shekara arba'in ina tuƙin babbar mota, bakina ya saba da Larabci, amma kunnena na uwata ne. Hindu ce ta ga tallarka. Wayar da ke hannunka ita ma tana da irinta. Ta kira ni tana cewa, Kawu, da bakinsa ya gaya mini ta faɗa ruwa, watakila wani ne ya rubuta masa, je ka tambaye shi. Uzuri take nema maka, ka ji. Ni ma sau uku na ba ka hanya."

"Kawu, wallahi... da na san kai ne..."

"Na sani. Da ka san ni ne, da har rago ka yanka. Ai shi ya sa ban faɗa ba. Abin da kake yi wa wanda ba ka sani ba na zo gani."

Ya miƙe ya karkaɗe jallabiyarsa. Sadisu ya bi shi yana cewa bari ya kai shi bakin titi. Tsohon ya waiwayo ya dubi raksha.

"A cikin wannan? A'a. Ina da iyali."

Ya tafi da ƙafarsa. Mairo ta kwashe tire ta shige ciki, ranar ko tuwo ba ta tuƙa ba.

Wani da ya yi wannan abin kunya sai ya kulle kansa a ɗaki. Sadisu a'a. Washegari ya nemi wani malami ya yi masa tambaya rabi da rabi, ya samu amsar da yake so, ya hau bas zuwa Makwar yana maimaita ta a ransa kamar ya tsinci zinariya. Ya tarar da Hindu ta taso daga aiki, tana ƙofar gida. Ba ta ce ya shigo ba. Ta koma ciki ta fito da ƙunshi, lulluɓi biyu da turare, ko buɗe su ba a yi ba.

"Hindu, ki saurare ni. Maganar kasuwa ce. Kowa yana rantsuwar nan."

"Kowa ba shi ya ce zai aure ni ba."

"Ai ban san kawunki ba ne."

"Matan da nake karɓar haihuwarsu, Sadisu, rabinsu ban san su ba. In yar da jariransu ke nan?"

"Ba haka nake nufi ba. Ke dai ai tawa ce."

"Yau. Ran da muka saɓa na zama baƙuwa, sai ka fesa mini fenti ka kai kasuwa. Tun ban shigo ba ka sa ni a bakin ciniki saboda ƙarfe mai tsatsa. In na shigo, a kan me za ka rantse da ni? Kwandon tumatir?"

Sai ya fito da abin da ya taho da shi.

"Na tambayi malam. Ya ce sakin bai auku ba. Ya ce inda babu aure babu saki."

Hindu ta dube shi daga hula har takalmi. Ta ɗora masa ƙunshin a hannu.

"Malam ya yi gaskiya," ta ce. "Babu aure."

Ta shiga ta rufe ƙofa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Mutumin da gaskiyarsa ta tsaya ga waɗanda suka san gidan ubansa ba mai gaskiya ba ne, matsoraci ne kawai. Ku masu sa kaya a waya, ku sani duk abin da kuka rubuta a gaban jama'a kuka faɗe shi, kuma cikin jama'ar nan akwai wanda kuke neman yardarsa gobe. In abinka yana da aibi, faɗi aibin ka sayar a yadda yake, ka tsira da mutuncinka. Rantsuwa kuma ba ado ba ce da ake yaɓa wa ruɓaɓɓen kaya. Ku kuma mata, kada ku auna namiji da abin da ya kawo muku a ƙunshi. Ku aika a gano muku yadda yake yi da baƙon da ba zai sake gani ba, domin da wannan mutumin za ku zauna.