Kurege da Gansakukar Akwatin Kifin Damisa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta.

To ku gyara zama, ta yau a jiƙe ta zo.

Wata rana Damisa ta tashi aurar da 'yarta. Ta yi kayan ɗaki na gani na faɗa, amma abin da ta fi ji da shi wani akwatin gilashi ne da aka kawo mata daga birni. Ruwa a ciki garai-garai, ga 'yan kifaye jajaye, ga ciyayin ruwa suna rausaya. Ta riga ta cika gari da baki cewa ranar ganin ɗaki kowa zai ga abin da bai taɓa gani ba.

Ana nan, ana nan, sai gansakuka ta kama ganyen ciyayin. Damisa ta sa farce ta kankare, ganye ya yage. Ta wanke, gansakuka ta dawo. Ta sake wankewa, ta sake dawowa, har da gashi-gashi kamar gemun bunsuru. Ga biki ya matso, Damisa ta rasa inda za ta sa kanta.

Sai ga Kurege, ƙamshin suyar gyaɗar biki ya jawo shi.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, Hajiya, lafiya na ga fuskarki haka?"

Ta nuna masa akwatin.

Ya ce, "Gansakuka? Haba Hajiya! Ai wannan gadon gidanmu ne. Kakana harararta kawai yake yi ta bushe."

Kurege kuwa, ko raɓa ba ya son ta taɓa masa ƙafa.

Damisa ta ce, "Me za a kawo?"

Ya ce, "Ƙuli-ƙuli, da soyayyar gyaɗa, da nakiya. Kullum, safe da yamma. Maganin da su ake haɗa shi."

Aka kawo. Kurege ya zauna gaban akwati ya cika kumatu. In ya ji motsin Damisa, sai ya karkaɗe ɓurɓushin a ruwa yana motsa baki kamar mai addu'a. Ya ci, ya karkaɗe. Ya ci, ya karkaɗe. Gansakuka ta samu abinci, ta ƙara kauri.

Damisa ta ce, "Malam Kurege, kamar ƙaruwa take yi."

Ya ce, "Gadon gidanmu ne, Hajiya. Shanya ta rage. Dawa ta yi sanyi, me ake yi? Shanya. Tabarma ta yi fumfuna? Shanya. To ita gansakuka 'yar wace ce da ba za a shanya ta ba?"

Damisa ta ga magana ce mai ma'ana. Aka cicciɓi akwati aka kai tsakar gida, inda rana ta fi zafi. Wayyo! Ashe gansakuka ba abin da take so irin rana. Ruwa ya koma kamar miyar kuka. Ciyayi suka ɓace, kifaye suka taso sama suna buɗe baki.

Damisa ba ta yi ihu ba. Ta dai taka wutsiyar Kurege a hankali, ta ce, "Saurara. Ranar ganin ɗaki, in na ga sili ɗaya na gansakuka, da kai za a yi wa baƙi farfesu. Kuma kada ka ce za ka gudu. Na san raminka, na san na surukanka."

Nan take Kurege ya ɗauko ƙwarya. Ya kwashe rabin koren ruwan ya zubar bayan ɗaki, ya cika da na rijiya. Duk da haka abin ba kyan gani. Sai ya sa aka mai da akwatin ƙuryar ɗaki, ya lulluɓe shi ruf da bargo, don kawai kada Damisa ta riƙa gani tana tunawa da farfesu.

Ya ce, "Hajiya, magani ya kai inda ba ya son ido. Duk wanda ya ɗaga bargon nan kafin ranar, zanen jikinsa gogewa zai yi."

Damisa ta dubi ɗige-ɗigen jikinta, ta ja da baya. Ta ce, "Ƙuli-ƙulin fa?"

Ya ce, "A ci gaba da kawowa."

Yanzu kuwa ko ɓurɓushi ba ya jefa wa kifi. Ya ce a ransa tunda mutuwa zai yi, gara ya mutu a ƙoshe.

Rannan ya tafi bakin kududdufi ya zauna yana sharɓar hawaye. Sai ya hangi tsoho Dodon-koɗi manne da dutse cikin ruwa yana lasar wani abu. Duk inda ya bi, dutsen sai ya fito fes. Kurege ya share ido, ya matsa.

Ya ce, "Baba, barka da hutawa. Me ake ci haka?"

Dodon-koɗi ya ce, "Gansakuka ce, ɗana. Ta bana duk ƙasa ce, amma ya za mu yi?"

Kurege ya kama baki. "Subhanallahi! Kana nan kana fama da ta ƙauye, ga gansakukar birni can gidan biki, wadda aka kiwata da ƙuli-ƙuli da nakiya? Ni aka aiko in gayyato manya."

Dodon-koɗi ya ce, "Ɗana, in muka taso yanzu da ƙafarmu, ai sai ranar suna mu iso."

Kurege ya ce, "Ga wutsiyata, ku hau."

Dodon-koɗi ya hau da matansa da jikokinsa. Kurege ya kai su, ya rufe ido, ya zura su ta ƙarƙashin bargo. Shi kansa tsoron leƙawa yake yi.

Ranar ganin ɗaki ta zo. Mata suka cika ɗaki maƙil. Damisa ta tsaya a bakin ƙofa, ta tare hanya, ta ce, "Malam Kurege, bismilla."

Kurege ya matso gaban akwati. Ya runtse ido, ya fizge bargo. Kurege ya fara salati, yana jin kamar har an ɗora tukunya.

Sai wata ta rangaɗa guɗa, "Ayyururui!"

Ya buɗe ido ɗaya. Ruwa garai-garai! Duhu da yunwa sun kashe gansakuka, su Baba sun suɗe sauran. Ganye sai sheƙi yake, kifaye suna wasan tsere. Kurege ya sauke wata ajiyar zuciya da sai da labule ya motsa.

Damisa ta nuna su Dodon-koɗi da ke manne da gilashi, ciki tim. "Waɗannan fa?"

Kurege ya gyara murya. "Ma'aikatana ne, Hajiya, a bar su a ciki. Kuma a kiyaye: ban da rana, ban da yawan abinci."

Damisa ta yi murna, ta ba shi buhun gyaɗa guda. Har ya kai zaure, sai ta ce, "Af, Malam Kurege, gobe ka dawo. Tafkin bayan gari ma ya yi gansakuka, na riga na yi wa Giwa alkawarinka."

Kurege ya ce, "Ba komai, Hajiya. Bari in je in nemo bargon da zai rufe tafki."

Ya shige rami da buhunsa, ya kwanta rigingine. Ya shafa wuya, yana nan. Ya shafa wutsiya, tana nan. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya ɓare gyaɗa. Shi ya sa har yau za ku ga Kurege ya miƙe tsaye kan ƙafa biyu yana waige-waige. In kun tambaye shi, bargo yake nema.

Ƙurunƙus kan ɗan kifi! Darasin kuwa, in kun ɓata aiki ku lulluɓe shi, ku nemo mai jin yunwa. Amma kada in ga wanda ya gwada wannan da tukunyar miyata.