Injin da Ya Ci Yatsun Sallau

Sallau yana bakin aiki injin casar shinkafa na Alhaji Nasidi ya datse masa yatsu biyu. Alhaji ya hana diyya, Sallau ya kai ƙara.

"Allah gafarta Malam," in ji Alhaji, "ina gida ina karin kumallo abin ya faru. Inji ne ya cije shi. In diyya yake so, ya karɓa a hannun injin."

Alƙali, da yake abokin cin tuwon Alhaji ne, ya gyaɗa kai. "Ka ji, Sallau. Nemi haƙƙinka wurin mai laifi."

"Na yarda, Allah gafarta. Sai dai mai laifin ko aljihu ba shi da shi. Wanda ya kasa biya kuwa tsare shi ake yi. A kwance shi a kai gidan yari."

Alhaji ya zabura. "Ana tsakar kaka? Injina ne fa! Duk abin da ya samo hannuna yake shiga!"

Sallau ya ɗaga hannunsa mai bandeji. "Alhamdulillahi, ashe ga ma'ajinsa nan. A karɓo mini a wurinsa."

Alƙali ya juya ga Alhaji. "Alhaji, baki shi ke yanka wuya. Biya shi."