Telan da Ya Mayar da Addu'a Gulma

An yi wani tela a wata ikilisiya wanda ba ya fashin sujada. Ba ya shaye-shaye, ba ya zagi, ba a taɓa jin ya ci yadin kowa ba. Zunubinsa a bakinsa yake, kuma ya ɗinka masa riga mai kyau.

Kun san halin shagon tela. Mutum ya ɗaga hannuwa ana auna shi, sai baki ya buɗe. Wannan ya ce ɗansa ya lalace, wancan ya ce mako biyu ke nan matarsa ba ta kula shi ba. Tela na riƙe da allura a baki, yana gyaɗa kai.

Ranar Laraba a taron addu'a, da fasto ya tambaya ko akwai mai roƙo, sai tela ya miƙe, ya sunkuyar da kai.

"'Yan'uwa, mu tuna da shugaban mawaƙa. Ba zan ce komai ba, amma ku sa matarsa da direban nan cikin addu'a."

Aka ce amin. Kafin Lahadi matar ta koma gidan iyayenta. Dangin direba suka daina zama benci ɗaya da dangin mijin. Ƙungiyar mata ta rabe biyu, aka daina ziyartar juna. Fasto ya ja tela gefe ya yi masa faɗa, tela ya ce shi dai ba ya iya ɓoye wa Allah komai. Wani mako, wani gida. Har matasa na tsokanar juna, wai in kana son asirinka ya kai sama da ƙasa rana guda, kai wando gyara.

Ya 'yan'uwa, wa zai ƙara buɗe cikinsa a irin wannan wuri? Kowa ya ƙulle damuwarsa, ya zo ya yi waƙa, ya tafi.

Ana nan sai matar telan ta ji wani ƙullutu a ƙirjinta. Wa za ta gaya wa? Ƙawarta ta kusa ita ce wadda aka kashe wa aure. Sauran matan sun daina shiga gidanta. Ta yi shiru shekara guda, sai ranar da ta faɗi a bakin wanki. Likita ya duba, ya ce an makara.

Tela ya zauna a gefen gadon asibiti ya ce, "Maman yara, me ya hana ki gaya mini?"

"Da na gaya maka, da Laraba kowa ya ji."

"Ai addu'a za a yi miki."

"Na ga irin addu'ar da kake yi wa mutane."

Mako uku ta ƙara. A wurin jana'iza ma, jama'a gungu biyu suka tsaya, kabari a tsakiya.

Tela ya tuba, ya yi kuka a gaban ikilisiya. Allah mai gafara ne, ban musa ba. Amma kukan bai tashe ta ba, bai mayar da auren da ya mutu ba, kuma har yau mutanen nan ba sa gaisawa. Yaransa suna hannun ƙanwar marigayiya, ko ya je ba sa sakin jiki da shi.

Ubangiji Yesu ya ce da ƙauna za a gane mu nasa ne. Jiki ɗaya muke. Wanda ya yanki ɗan'uwansa, naman jikinsa yake yanka, ko da idonsa a rufe yake yana cewa amin. In an ba ka amanar damuwa, kai ta ɗakinka, ka durƙusa, ka rufe ƙofa.

Allah ya kiyaye mu daga bakinmu, ya haɗa abin da muka tarwatsa. Amin.