Ƙara Huɗu a Kan Tuwon Ƙofar Yamma

An yi wani sarki a Birnin Faru, sunansa Zailani, wanda Allah ya hore wa haƙurin sauraro, har talaka kan yi magana a gabansa sai ya gaji don kansa. Yana da waziri mai suna Haladu, masanin fiƙihu da lissafin lokuta, wanda ya shekara goma sha tara yana warware wa majalisa mas'aloli.

A bakin Ƙofar Yamma, inda fatake ke sauke kaya, akwai rumfuna bakwai na mata masu tuwo da dambu da farfesu, babbarsu wata dattijuwa da ake kira Inna Tabawa. Bayan rumfunan kuwa Unguwar Maɗinka ce, katanga ɗaya ta raba su.

Wata Litinin mutanen unguwar suka zo fada su ashirin, wani maɗinki siriri mai suna Sallau yana gaba. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, masu tuwo sun hana mu barci da hayaƙi da hayaniyar baƙi. Muna roƙon a sa musu lokacin tashi."

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya ce abin mai sauƙi ne, a kashe wuta da zarar an idar da sallar isha'i. Majalisa ta amince, aka yi shela.

Bayan kwana tara, ran Laraba, sai ga mutanen nan sun dawo, Sallau na gaba, yana roƙon a bar matan su yi cinikinsu yadda suka saba. Waziri ya yi mamaki, amma ya ce mutum yakan sake shawara, aka ƙara musu zuwa sulusin dare. Ba a yi mako biyu ba Sallau ya sake durƙusawa yana kukan hayaƙi. Wannan karon Galadima ya fusata, ya ce a rufe tun magariba kowa ya huta, aka rufe. Fatake suka ga suna isowa da yunwa ba abin sawa a baki, suka fara zarcewa garin gaba, rumfuna uku suka mutu. Sai ga Sallau karo na huɗu, idonsa ya yi ja, yana roƙon a buɗe.

Sarki ya sallami jama'a, ya ce, "Waziri, hukunci uku muka yanke cikin kwana arba'in, mai ƙara ɗaya ne, kuma kowane hukunci shi ya roƙa, shi ya dawo ya rushe. Galadima ya ce maƙaryaci ne a kore shi daga gari, Sarkin Kasuwa ya ce a tashi rumfunan gaba ɗaya. Na ba ka kwana uku ka gaya mini abin da mutumin nan yake so. In ka kasa, zan ɗauki ɗaya daga cikin shawarwarin biyu, alhakin kuwa ni da kai za mu raba."

Waziri ya koma gida kansa a ɗaure. Ranar farko ya baje littattafai, ya karanta babin haƙƙin maƙwabci da babin ciniki, ya tarar kowanne yana da hujja, babu wanda ya ambaci mutumin da ke ƙarar abu da kishiyarsa. Rana ta biyu ya aika aka kira mai unguwa da dattawa huɗu. Ɗaya ya ce dare ne matsalar, ɗaya ya ce a'a, asuba ce. Na uku ya ce shi dai ya ga maƙwabta sun tashi ne ya bi su. Na huɗu ya rantse tuwon Tabawa ya fi na gidansa, sa'an nan ya roƙi a rufa masa asiri. Suka tafi suka bar Waziri ya fi da ruɗewa, har ya fara zargin ko tsufa ne ya taɓa masa basira.

Rana ta uku da hantsi, da ya rasa wanda zai tambaya, ya sa tsohuwar riga ya taka da ƙafa zuwa Ƙofar Yamma, wurin da rabonsa da shi tun kafin a naɗa shi. Ya tarar da Inna Tabawa tana kankare tukunya. Ta gane shi, ta rusuna.

Ya ce, "Inna, me kika yi wa Sallau yake kai ki ƙara?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan. Tun da matarsa ta rasu a nan yake ci. Tsohuwarsa makauniya ce, kullum ni nake aika mata kunu. Ran da ya kai mu ƙara, da yamma ya zo ya zauna a wancan benci, ya kasa haɗa ido da ni. Da aka ce mu tashi da isha'i, muka ga abin ba zai riƙe mu ba, muka koma yin koko da waina da sassafe. To, mai waina kuwa tun kafin kiran assalatu take daka."

Waziri ya tsaya a kan wannan magana. Ya tambayi inda suke dakan, ta nuna masa turame uku a jere a gindin katanga, kusa da murahu, inda bango ya yi baƙi ƙirin. Ya zagaya ta lungu ya yi sallama a gidan Sallau. Maɗinkin ya fito da allura a hannu, ya zube yana neman afuwa, don ya ji labarin shawarar Galadima. Waziri ya ce a kai shi ya gaida tsohuwa.

Ɗakin ƙarami ne, gadonta na kara yana manne da bango. Suna cikin gaisawa sai aka saki taɓarya a waje. Ƙasa ta zubo daga rufi a kan mayafinta, tsohuwar ta zabura, ta dafe ƙirji, ta kama tari. Waziri ya ɗora tafinsa a bangon, ya ji shi da ɗumi kamar gefen tanda.

Da suka fito, ya ce, "Sallau, don me ka wahalar da majalisa? Wanne kake so, a rufe ko a buɗe?"

Sallau ya sunkuyar da kai. "Allah ya gafarta Waziri, ban san wanda nake so ba. In sun kai dare, hayaƙi ya hana ta numfashi. In an tashe su da wuri, daka ya hana ta ɗan barcin asuba, shi ke nan kuwa barcinta. Da aka rufe tun magariba na ga Inna Tabawa ta sayar da babbar tukunyarta, na kasa cin abinci. Ran Litinin ɗan tsohuwa ne yake zuwa fada, ran Laraba maƙwabcin Tabawa."

"Me ya hana ka faɗi zancen bango?"

"Ba a tambaye ni ba, ranka ya daɗe. Kullum tambayar ita ce wane lokaci muke so. Kuma da wane baki zan ce murhun da ke dafa wa uwata kunu shi ke kashe ta?"

Waziri ya bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya, ya sami ɗakunan kwana biyar a jikin katangar nan. Da ya koma ya gaya wa Tabawa, ta saki ludayi, ta ce ita shekara da shekaru ta ɗauka bayan bangon rumbu ne.

Washegari ya durƙusa gaban Sarki, majalisa ta cika. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, Sallau bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Mu ne muka yi ta ɗaga cuta daga dare muna ajiye ta a asuba, muna ɗaga ta daga asuba muna ajiye ta a tukunyar masu tuwo. Kuskuren kuwa nawa ne kafin na kowa, domin na yanke lokaci ga wurin da ban taka ba. Ina roƙon a ba matan nan filin tsohon garke da ke tsallaken hanya, su mai da turame da murahu can, rumfunan cin abinci su tsaya inda suke. Lokaci kuwa, su tashi idan ayarin ƙarshe ya shigo an rufe ƙofar gari. Ko wannan zai wadatar, ban tabbata ba. A jarraba wata guda, a tambayi tsohuwar."

Galadima ya ce bai taɓa jin an ɗora hukuncin majalisa a kan barcin makauniya ba. Sarki ya ce yau ya ji.

Aka jarraba. Da wata ya cika, Sarki ya aiki Waziri da kansa. Ya tarar da tsohuwar tana barci da hantsi, cikin rumfunan nan uku da suka mutu biyu sun farfaɗo, ta ukun mai ita ta riga ta koma ƙauyensu, ba ta dawo ba. Wannan ya tsaya wa Waziri a rai, ya kuma faɗa wa Sarki bai ɓoye ba.

Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa masa, ya ce ladan tafiyar ƙafa ce da faɗin laifin kai. Ya mallaka wa matan filin, ya aika wa wadda ta koma ƙauye da tukunya da buhun dawa, ya kuma yi umarni kada majalisa ta ƙara taɓa lokacin masu abinci sai Tabawa da mai unguwa suna zaune.

Sa'an nan ya dubi 'yan majalisa ya ce, "Ku riƙe wannan. Talaka yakan san inda ke masa ciwo, ba lalle ya san sunan ciwon ba. Mai mulkin da ya amsa bakin mai ƙara bai je ya ga bangonsa ba, ya yanke hukunci, amma adalci yana nan yana jiransa."