Rijiyar Da Mahaifin Awaisu Ya Bari

Akwai wani matashi a Karaye mai suna Awaisu, wanda ya je Kano ya koyo wankin manyan riguna, irin wankin da ba a sa ruwa sai wani sinadari mai kaifin wari. Ya dawo ya buɗe shago a ƙofar gidansu. Kafin ka ce kwabo, angwaye da alhazai har daga Rogo suna kawo masa kaya.

Ya iya aiki, wannan ba a musu. Sai dai ya fara ji da kansa.

Bayan shagon akwai tsohuwar rijiya da ta ƙafe. Kun san halinmu, rijiya ta ƙafe ta zama juji. Nan Awaisu yake juye dagwalon sinadarin idan ya gama aiki. Taku talatin daga wurin kuma akwai rijiyar unguwa, wadda mahaifinsa marigayi Malam Abdulhadi ya sa aka haƙa sadaka jariya.

Wata safiya Baba Ɗayyabu, tsoho mai haƙar rijiya, ya same shi da bokiti a hannu. Suka gaisa, ya tambayi gajiya da mutanen gida, sannan ya ce:

"Ɗana, rijiyar da ta ƙafe ba mutuwa ta yi ba. Ni na haƙa ta, ni na haƙa ta mahaifinka. Jijiyar ruwansu ɗaya ce."

Awaisu ya yi dariya. "Baba, wannan aikin zamani ne fa. Ba da diga da shebur ake gane shi ba."

Masu jiran kaya suka taya shi dariya. Tsohon ya ce, "Allah ya kyauta," ya wuce.

Aka yi damina biyu ba abin da ya faru. Da rani ya shigo, Hamma, Bafulatanin da ke shayar da shanunsa a rijiyar unguwar, ya cika kwami. Shanun suka shinshina, suka juya da ƙishirwarsu.

"Saniya ba ta ƙarya," in ji Hamma. "Akwai abu a ruwan nan."

Sai a lokacin mata suka fara cewa dama kunu ya canza ɗanɗano. Duba-gari suka ɗebi ruwan aka kai gwaji. Ranar da sakamako ya fito, aka rufe bakin rijiyar da murfin siminti.

Injiniyar da aka turo, Khaula, ta yi wa mutanen unguwa bayani. Sinadarin ya fi ruwa nauyi, ya nutse can ƙasa ya zauna. Dole a kwashe gurɓatacciyar ƙasar a fitar da ita, a riƙa zuƙo ruwan ana tace shi ta tankin gawayi.

"Har yaushe?" Awaisu ya tambaya.

"Shekaru. Nawa ne, ba zan yi maka ƙarya ba, ban sani ba."

Babu wanda ya zage shi, kuma wallahi da zagin aka yi da ya fi masa sauƙi. Mahaifiyarsa Inna Sauda ce kawai ta yi magana, tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Mahaifinka bai tara komai ba sai rijiyar nan. Shekara goma sha ɗaya yana kwance a kabari, duk gugan da aka ja muna sa ran ladan ya same shi. Yau tun asuba ba a ja ko ɗaya ba."

Awaisu ya fita ya durƙusa gaban Baba Ɗayyabu, ya roƙe shi gafara. Tsohon bai ce "ai na gaya maka" ba. Cewa ya yi, "Tashi ka ɗauko shebur. Na san inda jijiyar ta bi, zan nuna wa injiniya."

Shebur ɗin da ya raina, shi ya riƙe wata biyu, da safar hannu da takunkumi, yana kwashe abin da ya zuba. Yanzu ragowar sinadari a duro yake tara shi, a rufe, a kai inda hukuma ta ce.

Rijiyar dai har yau a rufe take. Kullum da safe za ka ga Awaisu yana tura kurar ruwa daga famfon wata unguwa, yana sauke jarka gida-gida, ba ya karɓar ko sisi. Idan aka yi masa godiya sai ya girgiza kai.

"Ba ni za ku yi wa addu'a ba. Ruwan mahaifina ne, nake riƙe masa kafin rijiyarsa ta dawo."

Darasi: Abin da ka ɓoye wa ido ba ka ɓoye wa ƙasa ba, wata rana a kofin shan ruwanka za ta miƙo maka shi. Kada ka zuba sinadari ko baƙin mai a rami, kwata ko tsohuwar rijiya, kuma kada sabon ilimi ya sa ka raina maganar wanda ya riga ka sanin wuri. Ka tura wa masu sana'ar da ka sani wannan labari, wataƙila ka ceci rijiyar wata unguwa.